Yadda Za Ka Zaɓi Kontak Lens Mai Laushi Bisa Robar da Aka Yi Shi da Ita, da Yadda Za Ka Kula da Shi

Tambayoyin da masu karatu suka fi aikowa game da kontak lens, wato tabaran nan mai laushi da ake ɗorawa kai tsaye a kan ido, ba su wuce uku ba: wanne zan saya, me ya sa idona yake bushewa da yamma, kuma ko zan iya kwana da shi. Amsoshin duka suna komawa ga robar da aka ƙera lens ɗin da ita, wadda masana ke kira polima. Ita ce take yanke yawan iskar oksijin da zai kai ga idonka, da irin dattin da zai manne masa, da ruwan wankin da ya dace da shi, da ranar da za ka jefar da shi. Yawancin masu saye launi suke dubawa da sunan kamfani da kuɗi, su tsallake ƙaramin rubutun da ke gefen kwali, alhali a can maganar take. Ga matakan bi da bi.

1. Fara da gwajin ido

Takardar tabarau ba ta isa a sayi lens da ita ba. Tabarau yana zama nesa da ido da kimanin milimita 12, lens kuwa a kan ido yake, don haka idan ƙarfin tabaranka ya kai 4.00 ko ya wuce, lambar lens ɗinka za ta bambanta. Likitan ido zai auna lanƙwasar koniya, wato fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido, ya duba yawan hawayenka da ingancinsu, ya sa maka lens na gwaji ya ga yadda yake motsi idan ka ƙyafta. Lens mai kyau yana ɗan motsawa. Wanda ya kame ƙam yana hana hawaye shiga ƙarƙashinsa, ko da kuwa kana jin daɗinsa a ranar farko.

Ka gaya wa likita gaskiyar yadda kake rayuwa: awa nawa za ka riƙa sawa a rana, ko kana daɗewa a gaban kwamfuta, ko kana aiki cikin ƙura ko cikin ɗaki mai na'urar sanyaya iska, ko kana da borin jini da ke sa maka ƙaiƙayin ido. Da waɗannan amsoshin zai zaɓa maka roba.

Gargaɗi: lens mai launi na kwalliya, ko da babu ƙarfin gani a cikinsa, yana bukatar wannan gwajin. Kuma ba a aron lens, ba a karɓar na wani a gwada.

2. Karanta kwalin

Za ka ga haruffa da lambobi. BC lanƙwasar lens ce, yawanci tsakanin milimita 8.3 da 9.0. DIA faɗinsa ne, galibi 13.8 zuwa 14.5. PWR ko SPH ko D ƙarfin gani ne, da alamar ragi (-) ga mai ganin kusa kawai, da alamar tara (+) ga mai ganin nesa. Idan akwai CYL da AXIS, lens ɗin na mai karkatacciyar koniya ne. ADD kuma na wanda shekaru suka sa karatu ya fara yi masa wuya.

Daga nan nemi wata kalma da ta ƙare da "filcon", tare da kason ruwa a gefenta. Wannan shi ne sunan robar. Misali etafilcon A mai ruwa kashi 58 cikin 100, wanda ke cikin 1-Day Acuvue Moist. Omafilcon A na Proclear 1 day. Nelfilcon A mai ruwa kashi 69, na Dailies AquaComfort Plus. Senofilcon A mai kashi 38, na Acuvue Oasys. Comfilcon A mai kashi 48, na Biofinity. Akwai kuma tsohon polymacon mai kashi 38, wanda sunansa bai bi wannan tsari ba, kuma har yanzu ana samunsa a lens masu araha da masu launi da yawa. Idan ka ga sunan ya ƙare da "focon", wannan lens mai tauri ne, ba shi muke magana a kai ba.

Ɗauki hoton gefen kwalin ka ajiye a waya. Ranar da mai sayarwa ya ce wancan ya ƙare amma ga wani mai lamba ɗaya, ka duba sunan robar. BC ɗaya da ƙarfi ɗaya ba sa nufin za su zauna a ido iri ɗaya idan robar ta bambanta. Canza roba shawarar likita ce.

3. Haidirojel ko mai silikon

A nan ya kamata ka fi nutsuwa. Koniya ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take samun oksijin ta cikin hawaye. Duk abin da ka ɗora a kanta ya shiga tsakaninta da iska, saboda haka dole oksijin ya ratsa ta cikin robar.

Robar lens mai laushi kashi biyu ce. Na farko haidirojel na asali, wato roba mai shan ruwa, wanda yawancinsa daga sinadarin HEMA ake yinsa. Ita kanta robar ba ta barin oksijin ya wuce, ruwan da ta sha ne yake ɗaukarsa. Don haka a wannan rukuni, yawan ruwa shi ne yawan oksijin. Ana auna wannan da lambar da ake kira Dk. Polymacon bai kai 10 ba, etafilcon A yana tsakanin 20 da 30, kuma ko mafi ruwa a cikinsu da ƙyar yake wuce 40.

Na biyu haidirojel mai silikon, wanda ya shigo kasuwa a ƙarshen shekarun 1990. A cikinsa silikon ne yake ɗaukar oksijin, kuma ya fi ruwa iya wannan aiki nesa ba kusa ba. Senofilcon A yana da Dk 103, lotrafilcon B 110, comfilcon A 128, lotrafilcon A 140 duk da ruwansa kashi 24 ne kacal. Ka lura lissafin ya juye: a nan ƙarancin ruwa ba ya nufin ƙarancin oksijin.

Lambar da ta fi amfani ita ce Dk/t, domin ta haɗa da kaurin lens. Binciken masana Holden da Mertz na 1984 ya nuna ana bukatar kimanin 24 don sawa da rana ba tare da koniya ta kumbura ba, da 87 don kwana da shi. Harvitt da Bonanno a 1999 sun ɗaga lambobin zuwa 35 da 125. Kamfanoni kuma suna auna Dk/t ɗinsu ne a tsakiyar lens mai ƙarfin -3.00. Idan lambar ƙarfin lens ɗinka babba ce, lens ɗinka ya fi kauri, a gefe ga mai ragi, a tsakiya ga mai tara, kuma oksijin da kake samu bai kai abin da aka rubuta ba. Shi ya sa mai babbar lamba, da mai sa lens tun safe har dare, na fi son su tambayi likita mai silikon. Ido mai yunwar oksijin yana yin ja a kewayen baƙin, gani ya yi hazo da yamma, idan abin ya daɗe kuma ƙananan jijiyoyin jini su fara kutsawa cikin koniya.

Silikon yana da nasa aibun. Ba ya son ruwa, yana jan maiƙo, kuma na farko-farkonsa sun fi tauri, har wasu mutane suna jin su a ƙarƙashin fatar ido. Kamfanoni sun bi hanyoyi daban-daban don magance haka: an gyara saman lotrafilcon da balafilcon A da wata fasaha ta filasma, an cusa wa senofilcon A sinadarin PVP mai riƙe danshi, delefilcon A na Dailies Total1 kuma an yi cikinsa da ruwa kashi 33, samansa ya haura kashi 80. Wannan ne ya sa wani mai silikon zai dame ka, wani kuma ka manta yana idonka. Idan na farko bai yi maka ba, kada ka yanke wa dukan rukunin hukunci. Akwai kuma mutanen da haidirojel na asali mai kwana ɗaya ya fi yi musu daɗi, kuma ga mai sawa na ƴan awoyi babu laifi a hakan.

4. Kada kason ruwa ya ruɗe ka

Kuskuren da ya fi yawa ke nan: mai bushewar ido ya ga kashi 69 ko 78 a kwali, ya ce ya sami magani. Haidirojel mai yawan ruwa kamar soso yake, idan iska ta busar da samansa sai ya zuƙo daga hawayenka ya cike gurbin. Ga wasu mutane wannan shi ke kawo ƙaiƙayi da nauyin ido da la'asar. Sau da yawa mai matsakaicin ruwa, ko mai silikon, ya fi riƙe kansa.

Hukumar FDA ta Amurka, mai kula da abinci da magunguna, ta kasa haidirojel na asali gida huɗu bisa yawan ruwa, ƙasa da kashi 50 ko sama, da kuma ko robar tana ɗauke da cajin lantarki ko babu. Masu silikon an ware musu gida na biyar. Amfanin sanin wannan gare ka shi ne datti. Mai yawan ruwa kuma mai caji, irin etafilcon A, yana jan furotin ɗin hawaye sosai. Mai silikon bai cika jan furotin ba, maiƙo ne matsalarsa. Idan gani yana yin dishi-dishi kamar an shafa mai a gilashi, ka ƙyafta ya washe ya sake dawowa, gaya wa likita. Wataƙila robar ce ba ta jitu da hawayenka ba, ko man da kake shafawa kusa da ido ne.

5. Zaɓi tsawon kwanaki, ka yi lissafin kuɗi

Akwai na kwana ɗaya, na mako biyu, na wata ɗaya. Ana ƙidaya kwanakin ne daga ranar da ka ɓare ledar, ba yawan ranakun da ka sa ba. Lens na wata da ka sa sau biyar kawai, idan wata ya cika ya tafi shara.

Yi lissafin shekara, kada ka tsaya kan kuɗin kwali ɗaya. Mai sawa kullum zai ci lens 730 na kwana ɗaya, ko 52 na mako biyu, ko 24 na wata. Na mako biyu da na wata sai ka ƙara musu kuɗin ruwan wanki na shekara da gidan lens aƙalla huɗu, ka ƙara kuɗin ganin likita sau ɗaya a shekara a kan kowanne. Ga mai sawa kullum, na wata ya fi sauƙi. Ga mai sawa sau biyu a mako, don wasanni ko fita, lens na kwana ɗaya kusan 208 ne a shekara, babu wanki babu ajiya, kuma sau tari shi ya fi araha. Idan aljihu zai ɗauka, na kwana ɗaya ya fi tsafta, domin cututtukan lens da yawa daga gidan ajiyarsa suke tasowa.

Gargaɗi: lens na kwana ɗaya ba a wanke shi a sake sawa. Siriri ne, ba a yi shi don murza ba. Idan ka san ba za ka iya jefar da shi kullum ba, sayi na wata tun farko.

6. Kayan da za ka tanada

Sabulu marar mai kuma marar turare mai yawa, tawul marar zubar da zare, madubi, ruwan wankin lens, gidan lens, ɗigon ido da aka rubuta ya dace da lens, da tabarau mai lambarka ta yanzu. Tabaran nan ba na ado ba ne. Wanda ba shi da shi shi ne yake tilasta wa jan ido lens don ba shi da wata hanyar gani. Yanke farcen manuniya da na babban yatsa.

7. Sawa

Wanke hannu na daƙiƙa 20, ka busar da shi sarai. Jiƙaƙƙen yatsa yana kai ruwan famfo ido, kuma lens yana manne masa ya ƙi sauka. Ka saba farawa da ido ɗaya kullum don kada ka gauraya dama da hagu.

Ɗora lens a kan manuniya ka ɗaga shi zuwa haske. Idan bakinsa ya miƙe sama daidai, yana nan yadda ya kamata. Idan bakin ya baje waje, a juye yake. Wasu suna da ƙananan lambobi a jiki, irin 123, da za su karantu daidai idan bai juye ba. Duba ko ya yage ko da akwai gashi a jiki. Yagaggen lens ba a sa shi ko da yagewar ƙarama ce.

Da hannu ɗaya ɗaga fatar ido ta sama daga tushen gashin ido. Da yatsan tsakiya na hannun da ke riƙe da lens ja ta ƙasa. Kalli madubi, ɗora shi a hankali, janye yatsa, kalli ƙasa, sannan ka saki fatar ido ka rufe na ɗan lokaci. Idan ya yi zafi ko ka ji tsakuwa, cire shi, ɗauraye da ruwan wankinsa, duba shi, sake sawa. Idan zafin bai tafi ba, bar shi.

Mai kwalliya ta sa lens kafin kwalliya, ta cire shi kafin ta goge kwalliyar, kuma ta guji shafa komai a cikin layin gashin ido. Lens mai silikon yana kama maiƙon kayan kwalliya da wuri. Turaren feshi da man gashi na feshi kuma a gama da su kafin a sa lens.

8. Cirewa

Wanke hannu, busar. Kalli sama, ja fatar ƙasa, ka zame lens ɗin da manuniya zuwa farin ido, sannan ka tsunkule shi da naman yatsu biyu, ba da farce ba. Idan ya bushe ya manne, kada ka fizge. Ɗiga ɗigon ido, rufe ido, jira minti kaɗan. Lens ba ya iya zagawa bayan ƙwayar ido, akwai fatar da ta toshe hanyar. Idan ya ɓace, yana naɗe ne a ƙarƙashin fatar sama: kalli ƙasa, shafa fatar a hankali, zai gangaro.

9. Wanki da ajiya

Wannan na masu lens na mako biyu da na wata ne, kuma a nan aka fi yin sakaci.

Idan ruwan wanki na gama-gari kake amfani da shi, wanda yake wanki da kashe ƙwayoyin cuta da ajiya a kwalba ɗaya: ɗora lens a tafin hannu, zuba ɗigo kaɗan, murza kowane gefe da yatsa na tsawon daƙiƙoƙin da kwalbar ta faɗa, ɗauraye, sa shi a gidansa da sabon ruwa, bar shi aƙalla awoyin da aka rubuta, yawanci huɗu zuwa shida. Ka murza ko da kwalbar ta ce ba sai an murza ba. Maiƙon da ke kan silikon jiƙo kawai ba ya fitar da shi.

Kada ka ƙara sabon ruwa a kan na jiya. Zubar da tsohon duka, ƙarfinsa ya riga ya ƙare. Da safe bayan ka sa lens, zubar da ruwan gidan, ɗauraye shi da ruwan wankin lens, goge da takardar goge hannu mai tsabta, kife shi a buɗe ya bushe, nesa da banɗaki idan da hali. Canza gidan duk wata uku. Kada bakin kwalbar ya taɓa komai, kada ka juye ruwan a wata ƙaramar kwalba don tafiya, kuma ka duba kwanakin da aka yarda a yi amfani da shi bayan buɗewa.

Ba kowane ruwan wanki ne yake jituwa da kowace roba ba. Lens yana shan sinadarin kashe ƙwayoyin cuta cikin dare ya sake shi a ido da safe, kuma yawan abin da yake sha ya danganta da robar. Idan ka canza ruwa sai ido ya fara raɗaɗi da safe, ruwan ne abin zargi na farko. Koma wa likita da kwalbar da kwalin lens ɗin.

Hanya ta biyu ita ce ruwan haidirojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3, irin Clear Care ko AOSept. Yana wanki sosai, kuma ya dace da wanda sinadaran ruwan gama-gari suke damunsa. Sai dai yana da doka mai tsauri. Dole a yi amfani da gidan da ya zo da shi, mai ɗan faifan filatinam a ƙasa wanda yake kashe kaifin ruwan, kuma lens ya zauna aƙalla awa shida. Bakin kwalbarsa ja ne don tunatarwa.

Gargaɗi: feroksaid ba ya shiga ido kai tsaye, ba a ɗauraye lens da shi a sa, ba a zuba shi a gidan lens na yau da kullum. Idan ya shiga ido bisa kuskure, cire lens nan take, wanke ido da ruwa mai yawa, ka ga likita idan zafin ya ci gaba. Ruwan gishiri na lens kuma ɗauraya kawai yake yi, ba ya kashe ƙwayar cuta, don haka ba a kwanar da lens a cikinsa.

10. Ruwa, barci da magani

Ruwan famfo, na rijiya, na kwalba, na wurin ninƙaya, da miyau, babu wanda ya halatta ya taɓa lens mai laushi. Robar tana shan ruwa ta canza siffa, kuma akwai wata ƙwayar halitta mai suna Acanthamoeba da ke rayuwa a ruwa, tana maƙalewa a lens, tana cin koniya. Maganinta yana ɗaukar watanni, wani lokaci sai an yi dashen koniya. Cire lens kafin wanka da ninƙaya. Idan ruwa ya fantsama a kai, na kwana ɗaya a jefar, na wata a wanke a jiƙa shi dare guda.

Game da barci: an amince a kwana da wasu masu silikon, lotrafilcon A har dare 30 a jere. Wannan amincewa ta warware matsalar oksijin ce kawai. Ba ta rage haɗarin gyambon koniya ba, domin ido a rufe wuri ne mai ɗumi da ƙwayoyin cuta irin Pseudomonas suke yaɗuwa a ƙarƙashin lens. Hukumar CDC ta Amurka, mai yaƙi da cututtuka, ta ce barci da lens yana ninka haɗarin kamuwa da cuta sau shida zuwa takwas. Shawarata ka cire shi ko da barcin rana ne, sai fa idan likita ne ya tsara maka kwana da shi kuma yana bibiyarka.

Ɗigon magani da yawa suna ɗauke da sinadarin benzalkonium chloride, wanda lens mai laushi yake sha ya riƙe. Cire lens, ɗiga maganin, jira aƙalla minti 15 kafin ka mayar.

11. Lokacin da za ka cire ka tafi asibiti

Jan ido, ciwo, ƙin haske, hawaye ko kwantsa fiye da ƙima, raguwar gani, ko farin ɗigo a kan baƙin ido: cire lens nan take ka koma tabarau. Idan bayan cirewa ciwon bai lafa cikin ƴan awoyi ba, ko akwai farin ɗigon nan, ko gani ya ragu, ga likitan ido a ranar, kada ka jira gobe, domin gyambon Pseudomonas yana iya ɓata koniya cikin kwana ɗaya ko biyu. Kada ka sayi ɗigon ido da kanka, musamman mai sinadarin sitiroyid, yana iya ƙara rura cutar. Kada ka rufe idon da bandeji. Tafi da lens ɗin a cikin gidansa, da kwalbar ruwan wanki da kwalin, domin ana iya gwada su a gano ƙwayar da ta kama ka, kuma kada ka sake sa wani lens sai likita ya ce idon ya warke.